Tsohuwar Tashar Reluwe: Ginin da Audugarmu ta Gina

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Ina gai da mutanen Ƙanƙara da Ketare, ina gai da mutanen Faskari da Daudawa da Sheme da 'Yankara da Mairuwa, ina gai da mutanen Sabuwa da Damari, da duk wanda muryata ta iske a gona ko a kasuwa ko a zaure. Waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu suke saurarenmu daga wani gari, Allah Ya mayar da ku garuruwanku lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Yau maganar gini za mu yi. Gini ne da da yawanmu muka sha wucewa ta gefensa a Funtua, muna kan hanyar kasuwa ko asibiti, ba mu ko waiwaye shi ba. Ina nufin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wadda manyanmu ke ce wa reluwe, da 'yan ƙananan tashoshin da ke jere a kan layin dogon da ya taso daga Zariya ya nufi Gusau. Na san wani a Sabuwa ko a Ƙanƙara zai ce, to Malam, mu ina ruwanmu, dogo bai bi ta garinmu ba? Gaskiya ne bai bi ba. Amma ka ɗan ba ni aron kunnenka, domin ina so in nuna maka cewa da gumin kakanka aka kafa ginin nan.

Kakana, Allah Ya jiƙansa, manomin auduga ne a ƙasar Faskari. Shi kaɗa yake ce mata, kamar yadda tsofaffinmu ke faɗi. In kaka ta yi, hunturu ya fara busawa, duk gidan sai ya koma gona, mata da yara kowa da buhunsa, ana tsinkar kaɗa har yatsu su tsage. Daga nan a tsince ta a tsakar gida, a ware fara tas gefe guda, mai ɗan ja ko mai ganye gefe guda, domin a fuloti, wato inda ake sayen auduga, ba a yi wa kowa alfarma. Malamin duba auduga zai cusa hannu har tsakiyar buhu ya zaro, ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu. A ɗora a sikeli, akawu ya rubuta, a ƙirgo maka kuɗinka. Da kuɗin nan ake biyan haraji, da su ake yin aure, da su ake sayen keke ko saniya. Kakana ya kan ce shekarar da ya sayi kekensa, sai da ya yi kwana uku yana turawa kafin ya yarda ya hau, don kada taya ta ci ƙasa.

To ina audugar nan take zuwa bayan ta bar fuloti? Gidan gurza take zuwa. A Funtua akwai unguwar da har gobe ake kiranta BCGA, kuma yara da yawa da aka haifa a cikinta ba su san inda sunan ya samo asali ba. Sunan wata ƙungiya ce ta masu masaƙu da 'yan kasuwar Ingila, wadda aka kafa a birnin Manchesta a shekarar 1902, domin nemo wa masaƙunsu auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulka. Su suka kafa injin gurza a Funtua. A can ake raba auduga da angurya, a matse audugar ta zama dila, a ɗaure da ƙarfe, 'yan dako su loda a tarago, jirgi ya ja sai Zariya, daga Zariya sai Ikko, daga Ikko jirgin ruwa ya kwasa sai Ingila. Anguryar kuma wadda aka zaɓa ta dawo hannun manoma ta wajen dagatai don shukar baɗi. A Daudawa, nan ƙasar Faskari, tun zamanin Turawa aka kafa gonar renon irin auduga, kuma irin da aka rena a wurin ya bazu cikin gonakin Arewa.

Kun ga ke nan dalilin zuwan dogo wannan yanki. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Reshen da ya zo mana kuwa an fara aikinsa a 1927, ya tashi daga Zariya, ya biyo ta Funtua, ya ratsa ƙasar Faskari, ya shiga Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Tsawonsa ya haura kilomita 200. Ku lura da wani abu: duk girman birnin Katsina da sarautarta da tarihinta, Turawa ba su kai mata dogo ba. Nan kudanci suka kawo shi, saboda nan ne ƙasar ke ba da auduga da gyaɗa da hatsi. Bature bai shimfiɗa ƙarfe don son ganin fuskar kowa ba, kaya ya biyo. Kayan nan kuwa daga gonakin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Bakori suka fito, a kan jakuna da takarkarai da farko, daga baya a cikin manyan motoci.

Saboda haka in an ce tashar Funtua, kada mutumin Ƙanƙara ya ɗauka ana maganar kayan wasu ne. Ba don abin da kakanninsa suka noma ba, da babu dalilin gina ta.

Akwai kuma wani gumin da ya fi wannan zafi. Layukan dogon Arewa na farko, kamar wanda ya tashi daga Baro zuwa Kano, da hannu aka yi su. Babu katafila, babu motar ƙasa. Diga ce da shebur da kwando. Gwamnati ta kan aika wa sarakuna yawan mutanen da take so, sarakuna su raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, a shigo ƙauye a ɗebi majiya ƙarfi ko suna so ko ba sa so. Mutum ya bar gonarsa da iyalinsa ya tafi sarar daji da fasa dutse da ɗaukar ƙasa a ka. In ka tsaya a gefen dogo inda aka yi tudu aka cike kwari, ka dubi yawan ƙasar da ke wurin, ka tuna cewa mafi yawanta a kan 'yan Adam ta zo. Ba a rubuta sunayensu a jikin komai ba. Tudun nan da gadojin nan da ginin tashar su ne abin da ya rage na shaidar wahalarsu.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa, ai ginin Nasara ne, in ya rushe ya rushe. Bature ya zana, Bature ya ci riba, wannan ba musu. Amma ya tafi tun 1960, bai ɗauki bulo ko ɗaya ba. Wanda ya haƙa tushen, da wanda ya kwaɓa, da wanda ya share dandamalin tashar shekara da shekaru, da wanda ya yi bankwana da uwarsa a wurin zai tafi makaranta ko aikin soja, duk namu ne.

Tasha kuwa ba wurin lodin kaya kaɗai ba ce, gari guda ce. Kan jirgi na wancan zamani da kwal yake aiki, kwal ɗin da ake haƙowa a Inugu, kuma yana shan ruwa kamar raƙumi, shi ya sa ake kafa dogon tanki a tasha. Akwai shugaban tasha da farar rigarsa, akwai mai sayar da tikiti a bayan 'yar taga, akwai mai juya layi, akwai mai tuta ja da kore, akwai leburorin duba dogo. Akwai kwatas na ma'aikata. Akwai kantunan kamfanonin Turawa da ke sayen amfanin gona su sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Yarbawa da Ibo da Nufawa suka biyo jirgi suka zauna, aka yi ciniki, aka yi maƙwabtaka. In jirgi ya yi kuka daga nesa, masu tallan rake da dafaffen ƙwai da ƙosai da fura sai su yi ca. Maska ta girmi Funtua nesa ba kusa ba, amma yau a Funtua Sarkin Maska yake zaune, kuma hanya da dogo da auduga suna cikin manyan abubuwan da suka ɗaga garin ya kai inda ya kai.

Yadda abin ya lalace kuwa, manya sun sani, ba sai na ja ba. Titin kwalta ya zo, manyan motoci suka ƙwace kaya. Kuɗin man fetur suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Fari ya buga a 1973, cuta ta kashe gyaɗa a 1975, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, masaƙun Kaduna suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta kasa kula da layukanta. An yi aikin gyaran wannan layi namu a shekarun baya, amma jirgin fasinja bai koma zirga-zirgar yau da kullum ba. Yau akwai magidanta masu 'ya'ya a wannan yanki da ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Funtua da ƙananan tashoshin da ke kan layin, da abin da ya kamata mu yi da su.

Bari in gaya muku abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Kwanakin baya tafiya ta bi da ni ta wata ƙaramar tasha a kan wannan layi, na tsaya na shiga. Allon da ke ɗauke da sunan garin yana nan tsaye, sai dai haruffan sun dushe, sai ka matsa kusa za ka karanta. 'Yar tagar sayar da tikiti tana nan da ƙarafanta, katakon gabanta ya yi sumul saboda yawan hannuwan da suka dafa shi. Ƙofa babu, an cire. Awaki sun mai da ɗakin jira wurin kwana, jemagu sun cika rufin. Kwano biyu iska ta yaye, kuma daidai inda ruwa ke zuba bangon ya yi baƙi, ya fara tsagewa, wata 'yar ceɗiya ta tsiro a cikin tsagar. Amma na buga bangon da tafin hannuna, na ji shi daram. Ginin bai mutu ba. Kwano biyu da ƙofa ɗaya da tsintsiya yake nema yau. In aka bar shi damina biyar nan gaba, abin da zai nema ya fi ƙarfinmu.

Ina tsaye sai ga wani dattijo ya dogaro sanda. Muka gaisa, na ce, Baba, ko ka san tarihin wurin nan? Ya yi murmushi ya ce, yaro, ai nan na ci ƙuruciyata. Ashe tsohon leburan duba layi ne. Ya ce kullum da asuba yakan ɗauki doguwar guduma ya bi dogo da ƙafa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare, in noti ya kwance kunnensa ne ke gaya masa kafin idonsa ya gani. Ya ja ni gidansa, ya shiga ɗaki ya fito da wani abu nannaɗe cikin tsohon buhu. Fitilar hannu ce ta ba jirgi alama da dare, mai gilashi ja da kore. Ya goge ta da bakin rigarsa, ya juya min ita ya nuna yadda ake sauya launin. Ya ce, 'ya'yana sun ce in ba su su sayar wa 'yan gwangwan, na hana. Amma in na mutu, ranar sadakar uku ba za ta kai ba. Na rasa abin da zan ce masa. Tun daga ranar abin yake ci mini rai.

To me wasu suka yi da irin wannan gini? Alhazanmu da suka je Madina, wataƙila wasunku sun ga wani tsohon gini na dutse a unguwar Anbariyya, ba nisa sosai da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tashar jirgin ƙasa ce. Sarkin Musulmin daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulhamid na Biyu, shi ya sa aka fara shimfiɗa layin Hijaz daga Dimashƙa a 1900, da gudummawar Musulmin duniya, domin sauƙaƙa wa mahajjata tafiya. Layin ya isa Madina a 1908, tsawon kusan kilomita 1,300. Bai daɗe yana aiki ba yaƙin duniya na farko ya lalata shi, jirgi ya daina zuwa. Ku dubi darajar fili a Madina, inda kowane taku kuɗi ne. Duk da haka ba a rushe tashar ba. An gyara ta, an mai da ita gidan tarihi a 2006, ga tsofaffin kawunan jirgi da taragu a ciki mutane na zuwa kallo. Da aka kawo sabon jirgi mai gudu tsakanin Makka da Madina a 2018, sai aka gina masa tasharsa dabam, aka bar tsohuwar da mutuncinta.

A birnin Faris na ƙasar Faransa ma akwai wata tasha da aka buɗe a 1900, wadda aka taɓa shirin rushewa, daga baya ta zama gidan adana zane-zane a 1986, yau miliyoyin mutane ke ziyartarta duk shekara. A nan gida Nijeriya, cikin harabar hukumar jiragen ƙasa da ke Ebute Metta a Ikko, akwai wani gidan ma'aikata da aka gina a 1898, ana kiransa gidan Jaekel. Wata ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy ce ta gyara shi a 2010, ta tara tsofaffin hotuna da kayan aikin reluwe a ciki. 'Yan makaranta na zuwa, masu shirya fim na zuwa, ango da amarya na zuwa ɗaukar hoto.

Ba ma sai mun je nesa ba. A cikin birnin Katsina, tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin ƙasa ne, amma yana nan tsaye a matsayin gidan tarihi. In ginin ƙasa ya kai haka saboda an kula da shi, me zai hana na tasha?

Ni a ganina, gini a zauna cikinsa shi ne maganinsa. Ɗakin da ake buɗewa kullum ana sharewa, in kwano ya fara yoyo a ranar za a gani. Wanda aka garƙame aka tafi, gara da jemage da ɓarawo su ke gadonsa. Don haka ba na goyon bayan a ce a kulle tasha a jira ranar da jirgi zai dawo. A ba ta aiki yanzu. Ɗaki guda ya isa a ware don tarihi: a ajiye sikelin fuloti, da fitilar nan ta Baba, da tuta, da ƙararrawa, da tsohon tikiti, da dila guda ta auduga, da hotunan ma'aikata da sunayensu, da taswirar layin daga Zariya har Ƙaura. Malamin firamare daga Sabuwa ya kwaso ɗalibansa ya kawo su, su taɓa da hannunsu. Ɗakin jira ya zama ɗakin karatu, ko ajin koyon ɗinki ko gyaran waya. Babban sito inda ake tara kaya a da, ƙungiyar manoma ta karɓe shi haya ta ajiye iri da taki da hatsi, wato ya koma aikin da aka gina shi dominsa tun farko. Kuɗin hayar su tafi ga gyaran rufi.

Amma a yi hattara, domin gyara ma yana kashe gini. Na sha ganin an ba ɗan kwangila tsohon gini, ya fasa tagogin katako ya sa na zamani, ya lafta siminti a kan tsohon bulo, ya shafe komai da fenti mai ƙyalli, a zo buɗewa a ga gini kamar kowane shago. In aka rufe tsohon bango da siminti mai kauri, danshi ya kan maƙale a ciki ya dinga cin sa ta ciki. Ƙa'idar ita ce a fara da rufi da magudanar ruwa, a cire itatuwan da suka tsiro a jikin bango tun saiwarsu ba ta yi ƙarfi ba, a yi maganin gara. Abin da ya karye a gyara shi da irinsa. Abin da bai karye ba a ƙyale shi. Tagar tikiti ta zauna inda take, allon suna ya zauna inda yake. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton kowane lungu, ko da wayar hannu ce. Sannan kada kowa ya kafa shago ko ya yi gini a kan layin kansa. An buɗe tashar sauke kaya ta tudu a Funtua a 2024, kuma irin wannan tasha da jirgin ƙasa take cika aikinta. In aka toshe hanyar dogo yau, gobe mu za mu yi kuka.

Na san abin da ke ran wasunku. Za ku ce, Malam, mutanen da ba su iya zuwa gona, mutanen da aka kwashe musu 'ya'ya sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a watan Disambar 2020, mutanen da ke bin hanyar Sheme da 'Yankara rai a hannun Allah, su za ka zo wa da zancen tsohon gini? Wallahi ban raina wannan magana ba. Rai ya fi gini, abinci ya fi gini. Ba na cewa a ɗebi kuɗin tsaro ko na asibiti a kai tasha. Abin da nake roƙo ƙarami ne, ƙungiyar ci gaban gari guda za ta iya: bandir ɗin kwano, ƙofa, kwaɗo, da mai gadi. Kuma ku tuna, kango a gefen gari ba ya zama haka nan. In mutanen kirki ba su shiga ba, 'yan shaye-shaye za su shiga. Yaran da suka taso cikin gudun hijira kuwa, waɗanda ba su san yankinsu da komai ba sai harbi da kuɗin fansa, suna da hakkin a nuna musu cewa ƙasar nan tasu ta taɓa tufatar da mutanen wata nahiya da abin da take nomawa.

Dole kuma in taɓo maganar da ba ta da daɗi. Masu kwance ƙarafan dogo su yanka su sayar wa masu narkarwa, ba daga sama suke faɗowa ba. Jami'an tsaro sun sha kama motoci maƙare da irin waɗannan ƙarafa a jihohin Arewa. Mai yankan yana da unguwa, mai sayen yana da shago, mai motar yana da tasha. Dukiyar jama'a ce, kuma malamanmu sun sha gaya mana nauyin cin dukiyar jama'a. 'Yan uwana masu sana'ar gwangwan, sana'arku halal ce, kuna ci da iyali da ita, amma ƙarfen dogo kowa ya san kamarsa. In an kawo muku, ku ce ba ku saye. Iyaye, in yaro ya shigo gida da noti ko guntun ƙarfe irin wannan, a tambaye shi inda ya samo.

To ta ina za a fara? Tashoshin nan da filayensu mallakar hukumar jiragen ƙasa ce ta tarayya, kuma tana da kamfanin da ke kula da kadarorinta, mai hedikwata a Kaduna. Kada wani ya ji shirin nan ya je ya ɓalle ƙofa ya ce gyara zai yi. A bi ta hanya. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa su zauna da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi, a rubuta takarda, a nemi izini ko haya a rubuce, a fayyace wa zai kula da me. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ɗan majalisar wakilai ɗaya gare su a Abuja, shiyyar Funtua kuma tana da sanata. A kai musu takardar, a kuma bi sawunta. Akwai hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda ke da ikon sa gini cikin jerin waɗanda doka ta hana rushewa, akwai kuma hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina. Tun watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, harkar jirgin ƙasa ta daina zama ta tarayya ita kaɗai, jihohi ma suna da hurumi a ciki. Gwamnatin jiha ba ta da sauran dalilin cewa ba ruwanta.

Sabon layin da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, ta Ɗanbatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi. Muna taya 'yan uwanmu murna. Amma ba ta nan zai zo ba. Mu abin da ke hannunmu shi ne wannan tsohon layi da gine-ginensa, kuma a shekarar 2029 zai cika shekara 100 cif. Ina fata ranar ta same mu da ɗaki guda a buɗe a tashar Funtua, a share, da kaya a ciki.

'Ya'yanmu da ke karatun tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga abin bincike a ƙofar gidanku. Takardun zamanin Turawa na lardin Katsina suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ku je ku buɗe su. Amma takarda za ta jira ku, tsoho ba zai jira ba. Waɗanda suka yi aikin reluwe, da waɗanda suka yi akawun fuloti, da iyayenmu mata da suka yi talla a bakin jirgi, kullum raguwa suke.

Saboda haka ga roƙona ga kowane mai sauraro, kuma ba ya cin ko sisi. A cikin makon nan, in akwai irin wannan dattijo ko dattijuwa a gidanku ko unguwarku, ka je ka gaishe shi, ka zauna, ka nemi izininsa ka kunna wayarka ka naɗi muryarsa. Ka tambaye shi yaushe ya fara ganin jirgi, nawa ne kuɗin tikiti, wa ya raka tasha bai sake ganinsa ba. In yana da fitila ko tuta ko katin aiki ko hoto, ku ce wa 'yan gida kada a sayar, kada a zubar. Abin da kuka naɗa ku aiko mana nan gidan rediyo, za mu sa a cikin shirin nan jama'a su ji.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)